Malam Ɗaya-ɗaya da kwamfutar da ta ƙi Gwaggo

Ƙarfe bakwai da rabi yake isowa, mai shara ba ta ma gama da baranda ba. Sai ya jingine kekensa a bayan tankin ruwa, ya karɓi mukulli a hannun mai gadi, ya buɗe ɗakin kwamfuta, ya zuge labule. Kwamfutoci goma sha biyu ne a ɗakin, layi huɗu, kowace da lambarta a goshi. Yakan bi su yana kunnawa, yana kara kunne a jikin kowane akwati kamar mai duba mara lafiya. Wanda fankarsa ta fara gurnani ya sani, wanda ya yi jinkirin tashi ya sani. In ya gama zagaye ya kashe su duka, domin dokar cibiyar ce kowane ɗalibi ya kunna tasa da hannunsa. Daga nan ya shige ɗan ɗakinsa na ajiya, inda wayoyi ke rataye a ƙusa kamar igiyoyin shanya, ya ɗauko buroshi da sukudireba, aikin ranar ya fara.

Shekara ashirin da shida ke nan yana haka a cibiyar karatun manya. Da gyaran tafireta aka ɗauke shi. Ranar da aka kwashe tafiretocin aka zuba a sito, mutane suka ce to, shi ma ya kusa bin su. Ya haura arba'in a lokacin, ya zauna gaban kwamfuta kamar kowane sabon ɗalibi, ya yi ta tambaya har masu amsawa suka gaji. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma bai kamata ya fita ta ƙofar nan shiru kamar yadda ya saba shigowa ba.

Kwamfutocin nan duk kwance ne. Wani ofishi ne ya gama da su ya kyautar wa cibiyar. Babbar manhajar da ke tafiyar da su ta tsufa, sabuwar kuma ta fi ƙarfinsu, in an sa musu sai su yi ta nishi. Shi ne ya nemo musu wata ta kyauta, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu suka rubuta, suka bar cikinta a buɗe, kowa ya duba, mai iya gyara ya gyara. Ta yi wa tsofaffin nan daidai, ba nauyi. Sai dai akwai abin da ba wanda ya gaya masa tun farko: masu ƙera kayan cikin kwamfuta da yawa ba su yi tunanin wannan manhaja ba. Kowane ɓangare, daga firinta har katin da ke aika hoto zuwa sikirin, yana buƙatar ɗan tafinta tsakaninsa da manhajar. Wani ɓangaren a samu tafintansa nan take, wani a samu mai rabin harshe, wani kuma ba shi da kowa. Akwatunan kuwa a waje kamar uwa ɗaya ta haife su, a ciki kowanne da danginsa.

A nan ya samu sunansa. In abu ya ƙi, ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Ya canza waya ɗaya, ya kunna, ya duba. Ya mayar da ita, ya canza kati ɗaya, ya kunna, ya duba. Mai gaggawa in ya tsaya a kansa sai ya ji kamar ya yi kuka.

"Malam, ka canza duka mana mu huta!"

"In na canza duka ta tashi, wa zan gode wa? In ta ƙi, wa zan kama? Ɗaya-ɗaya."

Shugaban cibiyar har yau yana ba da labarin firintar ofis, wadda bayan an sa sabuwar manhaja ta koma buga rabin takarda, ta bar sauran fari fat. Wasiƙa ta fito da gaisuwa da gabatarwa, abin da ake nema kuma babu. Kwana huɗu Malam Ɗaya-ɗaya yana gwada tafinta bayan tafinta, har ya tarar na wata tsohuwar firinta, yayar wannan, shi ne ke jin harshenta. Malamar aji kuma ba ta manta da lamba huɗu ba, wadda ke kama intanet da safe ta sake shi da rana. Wani masani da aka kawo ya ce a jefar da ita. Malam ya ce a ba shi mako guda. Lamba huɗu tana nan tana aiki.

Malam, kai ne wanda ba a taɓa ji ya zagi na'ura ba, balle mai riƙe da ita. Kai ne in ɗalibi ya ce "na lalata", sai ka ce "tukuna dai, bari mu gani".

Amma abin da ya sa ake wannan rubutu shi ne maganar Gwaggo.

Gwaggo tela ce, shekara arba'in tana kan keken ɗinki. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Bayan ta aurar da autarta ta shigo cibiyar, ta fara daga baƙi da wasali, ta yi shekara uku har ta kai ajin kwamfuta na yamma. Ba ta fashi, ba ta makara. Kullum ita ce ta farko a ɗaki, da kusan rabin awa, domin ta ce in ta rufe shago ta biya gida ba za a bar ta ta fito ba.

Sai kwamfuta ta ƙi ta.

Ba wata magana da ta fi wannan dacewa. A lamba bakwai take zama. Malama za ta shigo ta tarar da ita zaune, hannu a cinya, akwati na hura iska, fitilarsa kore shar, sikirin kuma baƙi ƙirin. Malama ta kashe ta sake kunnawa, nan take rubutu ya fito. Washegari haka. Jibi haka. Aka kira Malam. Ya zo ya kashe ya kunna sau goma, sau goma tana tashi lafiya lau.

"Gwaggo, kunna in gani."

Ta miƙa yatsa ta danna. Sikirin ya kawo haske kamar bai taɓa laifi ba.

"To ga ta nan," in ji Mai Kitso, maƙwabciyar kujerarta, wadda bakinta ba ya zama. "In ta ga namiji sai ta nutsu. Irin matan nan ce."

Aji ya kwashe da dariya, har Gwaggo ta yi murmushi. Malam ya canza wayar sikirin ya tafi. Washegari baƙi ƙirin.

Ya canza sikirin ɗin kansa. Baƙi. Ya mayar, ya canza katin hoto, ya ɗauko na lamba tara. Baƙi. Ya ce to akwatin ne gaba ɗaya, a mayar da Gwaggo lamba tara, a sa Mai Kitso a bakwai. Washegari lamba bakwai ta tashi wa Mai Kitso tana sheƙi, lamba tara, wadda ba ta taɓa ko tari ba, ta yi wa Gwaggo baƙi ƙirin.

A ranar ne aka fara ganin Malam Ɗaya-ɗaya tsaye tsakiyar ɗaki, sukudireba a hannu, bai san wanda zai kwance ba. Duk iliminsa a kan abu ɗaya yake: in ka ɗauke ɓangaren da ke da ciwo ka kai wani wuri, ciwon zai bi shi, ka gane mai laifi. Ya ɗauke waya, ciwo bai bi ta ba. Ya ɗauke sikirin, bai bi shi ba. Ya ɗauke kati, bai bi shi ba. Abu ɗaya ciwon ya bi, shi ne Gwaggo. Wannan kuma ba zai iya faɗa ba, ko a zuciyarsa bai yarda ya ƙarasa tunanin ba.

Wasu sun faɗa masa. Wani tsohon direba a layin baya ya ce akwai masu irin wannan jinin, agogo ma ba ya zama a hannunsu. Mai Kitso ta ce, "Gwaggo, ko dai kin taɓa yi mata ɗinki kin ɓata?" Da aka matsar da Gwaggo lamba biyar, mai lamba shida ta ja kujerarta gefe, wai a cikin wasa, amma ba ta dawo da ita ba.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne lamba biyu. Da aka kai ta can, kwamfuta ta tashi mata. Kwana uku a jere. Mai Kitso ta yi guɗa. Lamba ɗaya ma ta yarda da ita, lamba uku ma. Daga huɗu zuwa sha biyu kuwa, ko kallo. Malam ya kwance lamba biyu ya shimfiɗa kayan cikinta a tebur, ya kwance lamba bakwai ya shimfiɗa a gefe. Ya ga layin farko katin hotonsu wani iri ne daban, sabo-sabo. To, ya samu bambanci. Amma bambancin bai faɗa masa dalilin da zai sa tsohon kati ya yi wa mutum goma sha ɗaya aiki ya ƙi mutum ɗaya ba.

Shugaba ya ce, "Ai magana ta ƙare. A bar ta a layin farko."

Malama ta girgiza kai. "Ranka ya daɗe, jarrabawa saura mako uku. Masu zuwa daga waje su ke raba kujeru, ba mu ba. Kuma tambaya ta farko ita ce ka kunna da kanka. Ba a yarda kowa ya taɓa maka ba."

Gwaggo ta ji wannan. Bayan an tashi ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya, ba ta shiga ba.

"Malam, sannu da aiki."

"Yawwa Gwaggo, sannu."

"Ka daina wahalar da kanka. Na ga har ramewa ka yi. Ni dai na iya rubuta sunana, na iya karanta awon mutane, ya ishe ni. Jarrabawar nan ba zan zo ba."

"Haba Gwaggo."

"A'a, ka bari. A gaban 'ya'yan cikina ana dariya na daure, amma baƙi su zo daga waje in zauna kamar gunki, kowa na bugawa ni ina kallon duhu? Jikata ta ce za ta rako ni ranar. Me zan ce mata?"

Ya ajiye sukudireba.

"Ki ba ni kwana goma. Ki ci gaba da zuwa, ki zauna a bakwai. In kwana goma suka cika ban gane ba, ba zan tsare ki ba."

"A bakwai ɗin?"

"A bakwai. In kika koma inda take tashi, ba abin da zan kama."

Ta ce to, don girmansa, ba don tana sa rai ba.

Wannan manhaja tana da wata ɗabi'a mai kyau: duk abin da ya same ta yayin tashi tana rubutawa a wani wuri, layi-layi. Malam ya buɗe rubutun ranar da ta ƙi Gwaggo, ya bi shi da yatsa, ƙamus a gefensa. Can ƙasa ya tarar da layi guda: wai ta nemi sikirin ba ta samu ba. Ya ɗaga kai ya dubi sikirin, ga shi nan zaune kamar ƙofar gida. Ya girgiza wayar, a ɗaure take tam, shi da kansa ya murɗa ƙusoshinta. Akwati na rantsuwa babu sikirin, sikirin kuma bai je ko'ina ba.

Ya rubuta tambaya a dandalin masu amfani da manhajar, inda baƙi daga nesa ke taimakon juna. Amsoshi suka zo. Na farko ya ce ya sabunta zuciyar manhajar. Na biyu ya ce kada ya kuskura, sabuwar ce ma ke jawo haka, ya koma tsohuwa. Na uku ya ce ya jefar da katin, ba wanda ke amfani da irinsa yanzu. Daga nan na farko da na biyu suka kaure da faɗa tsakaninsu, suka manta da shi ɗungurungum. Ya gwada sabuwa a akwati ɗaya, ya gwada tsohuwa a wani. Gwaggo ta zauna a duka biyun. Baƙi da baƙi.

A gida maiɗakinsa ta ajiye masa abinci bayan magariba, ta dawo ta tarar ya jera cokali da murfin kwano da ƙoƙon ruwa a tabarma yana musanya musu wuri.

"Wanne ne Gwaggon a ciki?"

"Cokalin."

"To ka ci abinci da ita, ya huce. Kai da ka kusa ajiye aiki, ka bar wa mai zuwa mana."

"Mai zuwa bayan jarrabawa zai zo."

"To ita matar ka tambaye ta?"

"Na tambaye ta sau nawa. Ta ce dannawa take kamar kowa. Ta danna a gabana, ta tashi."

"Allah ya kyauta. Ni dai kar ka fara kwance mini rediyo."

Kwana bakwai suka wuce. Ranar ta takwas da safe mai shara na goge tagogi, shi yana zagayensa, sai ta ce, ba ma da shi take ba sosai, "In Gwaggo ta daina zuwa ni ce zan ji a jikina. Duk inda ta zauna ba na sake taɓawa. Gilashin nan sai ka ga fuskarka."

Ya ce, "Haka ne," ya wuce lamba goma. Sai da ya kai sha biyu ya tsaya.

Da yamma, maimakon ya zauna a ɗakin ajiya kamar kullum, ya ɗauko tsani ya kafa ƙarƙashin fankar sama da ke layin baya, ya hau da tsumma. Gwaggo ta yi sallama ta shigo.

"Malam, yau kuma sama aka koma?"

"Ƙura ce ta yi mata yawa. Ki yi harkarki, Gwaggo."

Ta ajiye jaka a lamba bakwai. Ta danna maɓallin akwati, kamar kowa. Sannan, ba tare da ko kallo ba, ta sunkuya ta zare filogin sikirin daga soket. Ta zaro wani ƙyalle mai laushi daga jaka, ta goge gilashin daga sama zuwa ƙasa, ta bi kusurwoyi da ɗan yatsa, ta goge bayansa, ta bi tsakanin haruffan kibod. Ta ninke ƙyallen gida huɗu ta mayar. Ta sunkuya ta mayar da filogi. Ta gyara zama, ta ɗora hannu a cinya, ta fuskanci duhu.

Saura kaɗan ya faɗo daga tsani.

"Gwaggo! Kullum haka kike yi?"

Ta firgita. "Me na yi?"

"Filogin nan."

"Au, wannan? Ai gogewa na yi. Abu da wuta a jikinsa ana goge shi ne? Dutsen guga ya taɓa jefar da ni har bango, tun ina amarya. Tun ranar ba na kai ƙyalle jikin abin wuta sai na zare."

"To me ya sa kike fara kunna akwatin?"

"Don ya yi ɗumi kafin in gama mana. Ai ba a ɓata lokaci."

"Da na ce ki kunna a gabana fa, ba ki zare ba."

Ta dube shi kamar ya tambayi abin da yaro ma ya sani. "Na riga na goge. Sau biyu zan goge?"

Ya sauko ya zauna a kujerar Mai Kitso. Abin ya fito fili. Akwati in ya farka, yakan tambayi sikirin: kai wane ne, faɗinka nawa, tsawonka nawa? Sababbin katunan layin farko in ba a amsa ba sukan jira su sake tambaya. Tsofaffin kuwa, da ɗan tafintan da manhajar ta samar musu, sau ɗaya suke tambaya. A daidai wannan lokacin Gwaggo ta zare wuta tana goge-goge. Akwati ya tambaya, shiru, ya yanke cewa babu kowa, ya ci gaba da harkarsa a cikin duhu. Kowa kuma in ya zo taimako, sikirin na da wuta, sai ta tashi.

Ya yi mata bayani a hankali. Tana saurare, fuskarta na sauyawa, ba ta sauya zuwa inda ya zata ba.

"Ashe ni ce," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Duk wahalar nan da ka sha. Ashe da gaskiyarsu."

"Ba su da gaskiya. Ke kin tsabtace abin aikinki, kin kiyaye wuta. A ina laifi yake a nan? Akwatin ne mara haƙuri. Mutum ya yi sallama sau ɗaya, mai gida na banɗaki, ya juya ya ce gidan kango ne."

Ta yi dariya, tana share ido da gefen mayafi.

Da labari ya kai ofis, shugaba ya yi dariya har da tari. Ya ce a buga takarda a manna a bango: kada a zare filogi. Malama ma ta ce ai shi ke nan, a gaya wa Gwaggo ta daina. Malam ya ce za a iya gaya mata, kuma za ta ce to.

"Amma ranka ya daɗe, hannun da ya shekara arba'in yana abu, ranar jarrabawa ba zai tsaya karanta bango ba. Ranar tsoro hannu abin da ya sani yake yi. Kuma in ta daina don an hana ta, za ta tafi da cewa ita ce mai matsala. Gobe wani ma zai iya kunna akwati kafin sikirin. Gara a gyara wanda ya kamata a gyara."

"Kana nufin akwai gyara?"

"Ban sani ba tukuna. Amma cikin manhajar a buɗe yake."

Mako guda cur a kan wannan ya tafi. Ya gano akwai wurin da za a rubuta wa akwati awon sikirin ɗinsa ya haddace, ko an amsa ko ba a amsa ba ya aika hoto. Sai dai sikirin ɗin ɗakin iri uku ne, kowanne da awonsa, lambobi jere kamar tururuwa. Gwajin farko hoto ya fito a karkace. Na biyu ya fito rabi a waje, agogon kusurwa ya ɓace. Na uku haruffa suka yi ƙiba kamar an hura su, tsohon direba ya ce a bar masa wannan, ita ce daidai idonsa. Akwati tara ya bi, kowanne sai ya rubuta, ya kashe, ya kunna, ya zare filogi, ya ƙirga sittin, ya mayar. Mai gadi ya leƙo ya ga dattijo na zare filogi yana mayarwa shi kaɗai a ɗaki, ya je ya gaya wa mai shara a fara yi wa Malam addu'a.

Da ya gama, ya koma dandalin nan ya rubuta yadda aka yi, layi-layi, da ɗan turancinsa, don kada wani a wata ƙasa ya sha irin wannan wahala. Masu faɗan ba su amsa ba. Bayan kwana biyu wani baƙo ya rubuta kalma biyu ta godiya, ya ce shekara guda ke nan abin na damunsa.

Ranar jarrabawa Gwaggo ta zo da jikarta, aka tsayar da yarinyar a baranda tare da sauran 'yan rakiya. Aka raba kujeru, ta samu lamba goma. Malam ba a yarda ya shiga ba, yana tsaye a taga. Mai sa ido ya ce a fara. Gwaggo ta danna maɓalli. An gaya mata ba sai ta goge ba, ta ce to, har sau biyu. Hannunta ya sauka ƙasan tebur ya zare filogi.

Mai sa ido ya yunƙura. "Baba, me kike…"

"Gogewa zan yi, ɗana."

Ya dubi Malama, Malama ta dubi silin. Gwaggo ta goge daga sama zuwa ƙasa, ta bi kusurwoyi, ta ninke ƙyalle, ta mayar da filogi. Sikirin ya yi jim, sannan ya kawo haske, da wurin rubuta suna yana jiranta. Mai Kitso, daga lamba biyar, ta ce "Allahu akbar" da ƙarfi har aka yi mata kashedi. Wanda ke kusa da taga ya ce ya ga Malam ya juya ya tafi ɗakin ajiya, ya daɗe bai fito ba.

Ta ci. Ba da maki mai yawa ba, domin bugunta na da sanyi, kuma ta ɓata lokaci tana neman waƙafi. Amma ta ci, takardarta na rataye a shago saman keke.

Malam, kai ne ka ga ciwo yana bin mutum ka ƙi yarda mutum ne ciwon. Kwana ashirin kanka a ɗaure, ba ka ɓoye ba, ba ka kuma sauke wa wadda ta fi kowa rauni a ɗakin ba, alhali kowa ya ba ka hanya. Ba mu san rabin abin da kake yi cikin akwatunan nan ba, har yau in ka yi bayani sai mu gyaɗa kai kawai. Abin da muka sani shi ne mun zo karatu da furfura, da kunya, kowa na tsoron ya taɓa ya lalata, kuma ba ranar da ka sa ɗayanmu ya ji ya zo inda ba nasa ba. Mun gode. Allah ya saka, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa 'ya'yanka su samu mai yi musu irin haƙurin da ka yi da iyayen wasu.

Ku kuma masu gyara, na kwamfuta da na mota da na famfo, da duk wanda ake kawo wa abu a ce ya ƙi: in mai abu ya ce ya ƙi, ku kuka taɓa ya yi, kada ku ce masa ga shi nan lafiyarsa ƙalau ku sallame shi. Ku nemi wuri ku zauna ku ga yadda yake yi in ba kowa. Wanda zai gaji kujerar Malam kuma, a gaya masa tun yanzu: Gwaggo ta sa sunanta a aji na gaba, ta ce duk kujerar da aka ba ta za ta zauna.